Kilomita Goma Sha Ɗaya Kafin Malumfashi

Shekara ashirin da shida ke nan ina tuƙa Alhaji, dilan taki da hatsi da ke zaune a GRA. Babu ramin da ke tsakanin Katsina da Funtuwa wanda bai san ƙuguna ba, wasu ma har gaisawa muke yi. Yanzu in na sauko daga mota sai na dafa ƙofa na ɗan tsaya, kafin bayana ya tuna yadda ake miƙewa. To amma a duk shekarun nan abu ɗaya na daɗe ina taƙama da shi a majalisar direbobi: ban taɓa barin Alhaji a bakin hanya ba.

Kuma ba don ina cika tanki ba. Ni gwanin jar wuta ne. Allurar mai ta kwanta, fitila ta kama, Alhaji ya leƙo daga baya ya ce, "Malam, anya kau?" In ce mashi ya koma barcinsa. Na san halin masu ƙera mota, ba su faɗin gaskiyar abin da ya rage a tanki. Kamar dillalin awaki ne a kasuwar Caranci, in ya rantse ya ce nan ne ƙarshen magana, to da sauran magana. Na taɓa ɗauko jar wuta daga Kankiya na kawo ta ƙofar gida, na kuma kai Hajiya, matar Alhaji, barka da ita. In ma abin ya ƙi, a hanyoyinmu ba ka tafiyar minti goma ba ka ga mai galan da mazurari a gindin itace ba.

Da wannan ilimin na shiga zamanin motar lantarki.

Shekara uku da suka wuce Alhaji ya gaji da layin gidan mai. Ya riga ya lulluɓe rufin gidansa da sola har tantabaru sun rasa wurin sauka, sai ya ce tunda rana kyauta ce, bari motar ma ta riƙa shan rana. Ɗiyarsa ta biyu, wadda ta karanci injiniya, ita ta kawo takardun motar. Ni na kai ta firamare, ni na kai ta jami'a, Baba take ce mani. Aka kira ni falo tunda ni zan tuƙa.

"Mota ɗaya ce, amma kala uku ake yinta," in ji ta. "Ta farko injinta ɗaya, tayoyinta madaidaita. Ita ta fi araha, kuma ita ta fi nisan tafiya a caji guda. Ta biyu injinta biyu, ta fi ƙarfi, ta fi tsada, nisanta ya ɗan ragu."

"Tsaya, ɗiyata," na ce. "Wai mai arahar ita ta fi tafiya?"

"Ita ce, Baba. Batir ɗinsu iri ɗaya ne. Ƙarfi cin wuta yake, manyan tayoyi ma haka, kayan alatu kuma nauyi ne."

"Ta ukun fa?"

Ta juya takarda kamar ba ta so. Ƙarfin doki ɗari shida da wani abu. Tayoyi kamar faifan shanya. Rufin gilashi. Firji a tsakanin kujeru. Kujera mai tausa, har ta direba. Ita ta fi kowa gajeren zango, kuma abin da ke tsakanin kuɗinta da na ta farko zai gina gida irin nawa a Kambarawa, da katanga, da canji.

Ni kau daga kujera mai tausa ban ƙara jin komai ba. Sannan ga direban ɗan kwangilar da ke kallon gidanmu, wani siririn mutum da ya shekara uku yana wuce ni a hanya yana ɗaga mani hula. Na daɗe ina neman abin da zan rama da shi.

"Alhaji," na ce, "ni ba na shiga maganar manya. Amma ranar da muka je taro aka tambaye ni wace kala ce, da wane baki zan ce ta ƙasa ce? Mutanen garin nan da ka sani, kafin la'asar an ce taki ya daina ciniki."

"Abba, tafiye-tafiyenka duk na nesa ne," in ji yarinyar, "kuma babu wurin caji a hanyoyin nan."

"Nisa?" na ce. "A bar mani nisa. Ni da nake tafiya da ƙamshin mai?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ɗora yatsa a kan ta ukun. Yarinyar ta dube ni, ta tattara takardunta.

Motar ta iso ana saura mako biyu ɗaurin auren babban ɗana. Malamin firamare ne, shiru-shiru, uwarsa ya ɗauko. Ya samu mata a Malumfashi, ɗiyar wani mai injin casar shinkafa. A wurinmu uba ba ya karɓar wa ɗansa aure da bakinsa, sai ya wakilta wani babba. Yayana ya rasu, sai na roƙi Alhaji ya zama waliyyin ango, ya ce ai ɗansa ne. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma ranar da muka je sa rana, ina zaune a zauren surukina, an kawo fura mai sanyi, bakina ya buɗe. Na ce masu maigidana da kansa zai zo ya karɓi auren, kuma a motar da ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Na ce a ja wa kajin unguwa kunne, don ba za su ji zuwanta ba. Na ce in na taka ta daga Katsina, shayin da na sha a gida bai gama sauka ba zan yi sallama a ƙofarsu. Surukina ya ce to, Allah ya kai mu, shi ma zai tara jama'a su gani. Ya ƙara da cewa limaminsu ba ya jira, sha biyu daidai yake ɗaurawa, don aure huɗu gare shi ran nan.

An sa Asabar. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, masu zuwa yi wa Alhaji murnar mota suka cika ƙofar gida. Ka san sabuwar mota a garin nan ba addu'a kawai ake yi mata ba, sai an ɗana. Kowa ya ce Allah ya sa alheri, sai ya buɗe ƙofa ya shige. Alhaji ba ya iya hana mutum. Ni kuma ba na iya tuƙa mutum a hankali in ya ce, "Wai da gaske tana da ƙarfi?" Sawu bakwai na yi zuwa bayan gari. In taka totur, ƙeyar dattawa ta manne da kujera, su yi salati, mu dawo, wasu su shiga. Wani tsohon darakta sai da ya sa na maimaita sau uku, wai yana jin abin har cikin haƙoransa na roba. Da magariba na jona ta a bango. Cajin gida kau kamar cika randa da cokali ne.

Da safe allon motar ya nuna kilomita ɗari biyu da biyar. Malumfashi ɗari da sittin ce, ko ƙasa da haka. Ɗiyar Alhaji ta fito da mayafi ta leƙa allon.

"Baba, ku ɗauki tsohuwar motar."

"Haba ɗiyata, ga rarar arba'in da biyar."

"Wannan lissafin na mutum ɗaya ne a tafiyar hankali. Ku huɗu ne, ga kaya, ga zafi."

"Ta ce ɗari biyu, ɗari uku take nufi. Na san su."

"Ba ta ɓoye komai, Baba. Ƙari ma take yi."

Na ce ta shiga gida kada rana ta taɓa ta. Ta yaya zan shiga Malumfashi da motar da kowa ya sani, bayan an ja wa kaji kunne?

Ango da abokansa sun yi gaba a bas. Mu huɗu muka rage: ni, Alhaji, limamin unguwarsu mai ciwon gwiwa, da maƙwabcina na Kambarawa, tela, wanda tun asuba ya zo ya tsaya jikin motar da babbar riga don kada a manta da shi. A but muka zuba goro da alawa da dabino, Hajiya ta ƙara buhun shinkafa biyu da jarkar man gyaɗa, gudummawarta.

Muna fita Alhaji ya ce, "Malam, mu ɗan leƙa Batagarawa. An yi wa wani mai sayen takina rasuwa, yau uku. Nan kusa ne."

Shekara ashirin da shida ina jin "nan kusa ne." Ba a wuce gaisuwar mutuwa a tafi biki, ban ko yi musu ba. Gidan kuma ba cikin Batagarawa yake ba, yana can bayanta, inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa. Liman ya ce gwiwarsa ba za ta iya zaman tabarma ba, a kai gaisuwarsa, a bar mashi esi a kunne. Aka bar mashi. Muka yi gaisuwa, aka yi addu'a, wani ya shigo aka sake, wani ya shigo aka sake. Da muka fito na tarar liman ya gano maɓallin tausa, ya yi barci baki buɗe, firji na sanyaya mashi ruwa.

Muka dawo muka kama hanyar Kano, allo na cewa ɗari da sittin da takwas. Har yanzu da rara, na ce a raina.

Bayan Rimi na hango ta a madubi. Baƙar motar ɗan kwangila, siririn nan a sitiyari. Ya zo daidai da ni, ya sauke gilashi, ya ɗaga hula.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya biyo baya shi ne minti ashirin mafi daɗi a rayuwata ta tuƙi. Na ɗora ƙafa. Babu ƙara, babu canjin giya, sai dai duniya ta koma baya. Tela ya riƙe hularsa da hannu biyu yana kiran sunayen 'ya'yansa. Siririn ya zama ƙuda a madubi. Na rage ya kamo ni, na sake bar mashi iska. Sau uku. Alhaji yana cewa, "Malam, a hankali," amma ina jin murmushi a muryarsa.

A Kankiya na duba allo. Tamanin. Saura mu yi casa'in da wani abu.

"Lafiya dai?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. Ciniki muke yi da ita."

Kuma wallahi cinikin na riƙa yi a zuciyata. Kin ce tamanin, na ji, saya ɗari da goma. Na ƙi kashe esi har muka karya kwana a Yashe, don kashewa amsa laifi ne. Ita kuma ba ta taya ba, ba ta rage ba. Mu yi kilomita biyu, ta cire uku. A Gidan Mutum Ɗaya na miƙa hannu a hankali na kashe firji, na kashe tausa, na kashe esi.

"Kai, wa ya ɗauke wuta?" in ji liman.

"Malam, iskar Allah ta fi lafiya."

Bazara ce, rana ta kusa tsakiya, ga rufin gilashi a kanmu. Rufin nan da aka biya kuɗin ɗaki biyu dominsa ya mayar da mu masa a tanda. Shaddar Alhaji ta jiƙe ta manne. Na sauko da gudu zuwa hamsin, zuwa arba'in. Motar itace ta wuce mu. Mai babur ɗauke da akuya biyu da matarsa ya wuce mu, matar har da waiwaye. Can sai ga siririn, ashe ya tsaya cin tsire a Kankiya. Bai ko ɗaga hula ba, ya dube ni da tausayi, abin da ya fi hular ciwo.

Daga nan wani ɗan hoto ya fito a allo. Tela ya leƙo.

"Maƙwabci, wannan ba kunkuru ba ne?"

Kunkuru ne. Doki ɗari shida da wani abu, ga abin da suka koma. Na taka totur har ƙasa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Na lallaɓa ta, na kira ta Hajiya, na tuna mata nawa aka saye ta. Ta gangara gefen hanya gindin wata tsamiya, ta tsaya, shiru, kamar yadda na yi wa mutanen Malumfashi alkawari. Tela ya duba wayarsa ya ce saura kilomita goma sha ɗaya. Agogo ya ce sha biyu saura minti ashirin da biyar. Ga mai galan can tsallaken titi yana kallonmu, ya ɗaga mazurari, ya rasa inda zai sa.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ya yi da na ji sauƙi. Ya fito ya tsaya bakin titi da kansa yana ɗaga hannu, mutumin da rabonsa da motar haya tun kafin a haifi angon. Wata ta tsaya, da wurin mutum biyu in an matsa. Aka tura liman, aka tura Alhaji, aka ɗora masu goro da alawa a cinya. Tela ya tare ɗan acaɓa.

"Malam, kulle ta ka hau bayan tela," in ji Alhaji ta taga. "Ɗanka ne."

"Alhaji, motar nan a bar ta a daji? Mu dawo mu tarar da taya uku? Ku tahi, kai ake jira, ba ni ba. Ni ko na je ba ni da ta cewa."

Direban haya ya danna hon. Suka tafi.

Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Motar tana kulle kanta, kuma mai galan zai duba ta in an ba shi na goro. Na kasa ne kawai. Na hango kaina ina sauka daga acaɓa, mutum uku a babur ɗaya, gaban jama'ar da surukina ya tara su ga motar da ba ta ƙara. Na zaɓi tsamiya.

Ina zaune a inuwa sai ga wani Bafillace, dattijo, da shanunsa, zai tsallaka da su. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da zafi, ya zagaya motar da sandarsa a kafaɗa.

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Yunwa take ji."

"Ga mai can."

"Ba ta shan mai. Wuta take ci, irin ta waya."

Ya duƙa ya leƙa tayoyin. "To ku da kuka san ba ta kiwo a hanya, me ya hana ku ƙosar da ita a gida?"

Na cire hula na shiga fifita da ita. Wayata ta yi ƙara, tela ne. Ya ce sun isa, an zauna, bari ya ɗaga wayar in ji. Na ƙara murya. Ta cikin hayaniya na ji limamin can yana tambaya wa ke nema, na ji muryar Alhaji, a dishe saboda zafi, yana cewa yana nema wa ɗansa. Ɗansa ya ce, bai ce ɗan direbansa ba. Aka ce an ba shi, ya ce ya karɓa. Maroƙi ya ɗaga murya ya ce a yi fatiha.

Na ɗaga hannu. Bafillacen ya jingine sandarsa jikin motar Alhaji, ya ɗaga nasa. Muka shafa tare.

"Auren wa?" ya ce.

"Ɗana. Na fari."

Ya dube ni, ya dubi hanyar Malumfashi, ya dubi motar. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya kaɗa shanunsa.

Sai bayan la'asar motar da ke goya motoci ta zo daga Funtuwa. Wuri mafi kusa da ke da babban janaretan da za a jona ta kuwa injin casar surukina ne. Haka na shiga Malumfashi, ina gaban babbar mota, motar Alhaji a bayanmu a ɗaure da sarƙa kamar saniyar da aka sayo. Jama'ar da aka tara ba su gama watsewa ba. Surukina ya fito, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mani sannu da hanya har sau huɗu.

"Alhamdu lillahi, mun gani," ya ce. "Gaskiya ka faɗa, ba ta shan mai. Ashe goya ta ake yi."

Aka yi dariya, na taya su. Ɗana yana gefe cikin farar shadda. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ka ci abinci?" Ban da wannan bai tambaye ni komai ba, har yau.

Motar tana nan. Cikin gari muke yawo da ita, masallaci, kasuwa, ofis, in ta yi nisa Batagarawa. Tafiyar nesa tsohuwar muke ɗauka, kuma tun allura na rabi nake shiga gidan mai. Ɗiyar Alhaji ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai in ta ga na jona caji ta ce, "Sannu da aiki, Baba," in ji kamar ta mare ni. Kujerar tausa kau tana aiki, ba laifi, amma ciwon bayan yana nan inda yake.

A ɗakin ɗana akwai hoton ranar a bango. Alhaji na tsakiya da jiƙaƙƙiyar shadda, liman na dafe da gwiwa, tela ya turo kai gaba kamar shi ya haifi angon. Jikata ta fara magana yanzu. Ran nan ta hau kujera tana nuna mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta ce ina nake. Na buɗe baki zan ce mata ni na ɗauki hoton, sai na ga ubanta yana kallona. Na ce mata ina hanya.